Ƙidayar Ƙwayar Haske: Tarihin Wata Na'ura Daga Jamus Zuwa Kwarin Rima

A cikin watan Maris na shekarar 1824, matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya sauka a Sakkwato, ya shimfiɗa kayan aikinsa a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikinsu har da na'urar auna tsayin rana da taswirar sararin sama. Baƙon ya rubuta daga baya cewa Sarkin ya san buruji goma sha biyu, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. Irin wannan sani ya daɗe a zauren malamai, domin ƙarni takwas kafin wannan rana Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Sai dai a wancan zamani, daga Sakkwato har Landan, kowane madubi da kowace na'ura suna ƙarewa ne ga abu guda, wato idon ɗan Adam, mai gajiya da kuskure, wanda ke ganin haske amma ba ya iya ƙirga shi. Bello ya rasu a ribaɗinsa na Wurno a 1837, can kuma hubbarensa yake. Shekara hamsin cif bayan rasuwarsa aka ɗora tubalin farko na na'urar da za ta karɓi wannan aiki daga hannun ido.

A 1887, a garin Karlsruhe na Jamus, Heinrich Hertz yana gwaji da tartsatsin lantarki mai tsalle tsakanin ƙarafa biyu, sai ya lura cewa tartsatsin ya fi saurin tashi idan wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke gaba da launin shunayya, ya faɗa a kan ƙarfen. Ya rubuta abin da ya gani, ya koma ga aikin da ya fi damunsa. A 1902 Philipp Lenard ya gano wani abu mai rikitarwa: ƙara wa haske ƙarfi yana ƙara yawan elektron da ke ficewa daga ƙarfe, amma kuzarin kowane ɗayansu launin hasken ne ke yanke shi. Wanda ya warware wannan ƙulli a 1905 matashi ne mai aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern, Albert Einstein, wanda ya ce haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma ƙwaya ɗaya elektron ɗaya take tsinkewa. Manyan malamai ba su yarda ba. Robert Millikan na Jami'ar Chicago ya kwashe kusan shekara goma yana gwaji da zaton zai rusa wannan magana, amma sakamakon da ya buga a 1916 tabbatar da ita ya yi, kuma a kanta aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921. Tun da haske ƙwaya ne, to ana iya ƙirga shi. Abin da ya rage shi ne a sami mai ƙirgawa.

A farko mai ƙirgawar mutum ne. A Manchester ta Ingila, a 1909, Hans Geiger da Ernest Marsden, ƙarƙashin jagorancin Ernest Rutherford, sukan zauna cikin ɗaki mai duhu har idanunsu su saba, sannan su duƙa kan madubin ƙara girma suna lissafa 'yan ƙyalƙyalin da ke tashi a kan wani faifai duk lokacin da ɓarɓashin zarra ya doke shi. Da wannan wahala aka gane a 1911 cewa zarra tana da cibiya mai nauyi. Shekara ashirin da biyar bayan gwajin Manchester, a 1934, ɗalibin Sergei Vavilov mai suna Pavel Cherenkov yana zama a duhu a hakan, har ya tabbatar da wani shuɗin haske mai rauni da ke fita daga ruwa idan an haska shi da sinadarin radiyam. A 1937 Ilya Frank da Igor Tamm suka bayyana dalili: haske yana rage gudu a cikin ruwa, don haka ɓarɓashi mai tsananin kuzari yana iya tsere masa a can, kuma idan ya tsere masa sai ya bar zoben haske a bayansa. Cherenkov da Frank da Tamm sun sami Nobel a 1958. Amma ido ba ya jure irin wannan ƙidaya sai na ɗan lokaci, masu ƙirga biyu kuma sukan saɓa wa juna, saboda haka ilmin zarra ya iso iyakar abin da haƙurin mutum zai iya ɗauka.

Mafita ta fito daga wurare biyu kusan lokaci guda. A Leningrad, injiniya Leonid Kubetsky ya nuna na'urarsa a 1934, a Amurka kuma injiniyoyin kamfanin RCA, Harley Iams da Bernard Salzberg, suka buga bayanin tasu a 1935, Vladimir Zworykin da abokansa suka inganta ta a 1936. Ita ce kwalbar ninka haske. Kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, aka shafe fuskarta ta ciki da wani sinadari mai sakin elektron idan ƙwayar haske ta taɓa shi. Wannan elektron ɗaya ba ya isa a auna shi, don haka sai ƙarfin lantarki ya fizge shi ya buga shi a kan farantin ƙarfe na farko, inda zai tsinke uku ko huɗu, waɗannan su faɗa kan faranti na biyu kowanne ya tsinke nasa, haka har faranti goma ko fiye. Kamar ƙwayar gero ce da aka shuka ta ba da zangarniya, aka sake shuka zangarniyar gaba ɗaya, damina bayan damina, har ta cika rumbuna, illa dai a cikin kwalbar dukan daminonin suna wucewa kafin ƙiftawar ido. Elektron ɗaya ya zama miliyan ko miliyan goma, ya fito a matsayin bugun lantarki da waya za ta ɗauka, na'ura ta rubuta lokacinsa da girmansa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka haɗa wannan kwalba da abubuwan da ke ƙyalli idan ɓarɓashi ya ratsa su. A 1948, a Princeton, Robert Hofstadter ya gano cewa dunƙulen gishirin sodiyam da aidin, idan an surka shi da ɗan taliyam, yana mayar da hasken gamma, wanda ke fita daga cibiyar zarra, zuwa ƙyallin da kwalbar za ta gani. Daga nan masana suka yi ƙarfin halin neman abin da ake ganin ba zai taɓa kamuwa ba. Tun 1930 Wolfgang Pauli ya yi hasashen wani ɓarɓashi da daga baya aka kira nutirino, wanda ba shi da cajin lantarki, yana kuma iya ratsa duniya daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya taɓa komai ba. Frederick Reines da Clyde Cowan suka kafa tankunan ruwan ƙyalli, kewaye da ɗaruruwan kwalabe, kusa da injin nukiliya na Savannah River a Amurka, suna jiran ƙyalli biyu da za su biyo juna da ɗan jinkiri ƙayyadadde. A watan Yuni na 1956 suka aika wa Pauli telegiram cewa sun kama shi. Cowan ya rasu a 1974, Reines kuma sai a 1995 ya karɓi Nobel.

Babi mafi girma na wannan tarihi a Japan aka rubuta shi. A ƙarshen shekarun 1970, Masatoshi Koshiba na Jami'ar Tokyo ya so ya gwada ko furoton yana ruɓewa, amma kuɗinsa bai kai na abokan gasarsa Amurkawa ba, waɗanda ke gina tanki mafi girma. Sai ya yanke shawarar ya fi su kaifin gani. Ya matsa wa Teruo Hiruma, shugaban kamfanin da aka sani yau da Hamamatsu Photonics, har ya amince ya ƙera kwalba mai faɗin inci 20, girman da ba a taɓa yi ba, wadda sai da gwanayen hura gilashi suka riƙa hura ta da hannu da numfashi. An jera kimanin dubu a bangon tanki mai ruwa tan 3,000, a cikin ramin haƙar ma'adinai na Kamioka, mita 1,000 ƙarƙashin dutse, aka fara aiki a 1983. Ba a ga furoton ko ɗaya ya ruɓe ba. Maimakon a rufe, sai aka tsaftace ruwan aka gyara na'urorin lantarki domin neman nutirino na rana, kuma gyaran bai daɗe da kammaluwa ba, ranar 23 ga Fabrairu, 1987, kwalaben suka ga shuɗin hasken nan na Cherenkov sau 11 cikin kimanin daƙiƙa 13. Wani tauraro ne ya fashe a nisan da haske ya yi tafiyar shekara kusan 168,000 kafin ya iso, kuma saƙonsa na nutirino ya zo saura wata ɗaya Koshiba ya yi ritaya. Nobel ta biyo shi a 2002.

Wannan nasara ta haifi Super-Kamiokande, tanki mai ruwa tan 50,000 da manyan kwalabe 11,146 a bangonsa na ciki, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1996. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi aikin masanin da ke kula da irin wannan na'ura, domin sunansa ba ya cika fitowa a jarida. Kwalbar ba ta kama kowace ƙwayar haske, ɗaya cikin huɗu ko biyar take kamawa, don haka dole a san rabon kowace kwalba. Takan kuma yi bugun ƙarya ko a cikin baƙin duhu, saboda zafi kaɗai yana iya tsinke elektron, don haka dole a auna ƙaryarta a cire. Maganaɗisun duniya yana karkatar da elektron daga hanyarsa, sai an kewaye tankin da wayoyin da ke soke shi. Gilashin kansa yana ɗauke da ɗan yuraniyam da fotashiyam masu fitar da nasu hasken, iskar radon kuma tana kutsawa cikin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kama da ganowa ga wanda bai yi hattara ba. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga Takaaki Kajita a taron Takayama, a watan Yuni na 1998, yana sanar da cewa nutirino yana sauya iri a kan hanyarsa, ma'ana yana da nauyi, abin da babban nazarin fiziks na lokacin bai tanada ba.

Sai jarrabawa ta zo. A 2001 an zubar da ruwan tankin domin a sauya kwalaben da suka mutu, aka gama, aka fara mayar da ruwa. Ranar 12 ga Nuwamba, ruwa ya kai kusan kashi uku cikin huɗu, kwalba ɗaya a ƙasan tankin ta kasa jure nauyin da ke kanta, ta fashe zuwa ciki, tunda ba iska a cikinta. Girgizar fashewar ta bi ruwa ta fasa maƙwabtanta, su ma suka fasa nasu maƙwabtan, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi fiye da kwalabe 6,600 suka zama tarkace, kowace ɗaya kuɗinta ya kai kimanin dala 3,000. Binciken da aka yi ya karkata ga cewa kwalbar farko ta sami rauni ne a lokacin gyaran. Shugaban cibiyar Kamioka, Yoji Totsuka, ya sanar nan take cewa za a sake ginawa. Aka rarraba kwalaben da suka tsira, kimanin 5,200, aka sa wa kowace rigar kariya da za ta hana girgiza yaɗuwa, aka koma aiki a ƙarshen 2002, aka cike gurbin sauran a 2006. Totsuka ya rasu a 2008; Kajita da Arthur McDonald na Kanada suka karɓi Nobel a 2015. Tun daga wannan haɗari, duk mai gina babban tanki sai ya fara lissafa abin da zai faru idan kwalba ɗaya ta fashe.

A Turai kuwa wata matsala ce ta tilasta sauya hanya. A cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, na'urar CMS tana zaune a cikin maganaɗisu mai ƙarfin da kwalbar gargajiya ba ta iya aiki a cikinsa. Aka koma ga silikon, ɗan faifai ƙarami da ke ninka elektron a cikin jikinsa, aka manna shi a bayan mafi yawan dunƙulallun lu'ulu'u 75,848 na dalma da tungistin, waɗanda aka kwashe kusan shekara goma ana girka su a Rasha da Sin. Saboda hasken da suke bayarwa yana sauyawa da zafi, sai da aka daidaita zafin wurin ta yadda ba zai motsa da fiye da kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Ranar 4 ga Yuli, 2012, CMS da takwararta ATLAS suka sanar da gano ɓarɓashin Higgs, kuma ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi ita ce rugujewarsa zuwa ƙwayoyin haske biyu. Zuriyar waɗannan na'urori ce ke cikin injinan asibiti masu ɗaukar hoton ciwon daji a jikin majiyyaci.

Hanyar da wannan ilmi ya bi ya shigo ƙasar Hausa ta faro ne daga Rabah, inda aka haifi Ahmadu Bello, jikan jikan Shehu Usmanu ta wajen Bello na Wurno, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Arewa. Jami'ar da ya kafa a Zariya ta buɗe a watan Oktoba na 1962. Bayan dokar 1976 da ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, aka zaɓi Zariya da Ile-Ife su zama mazaunin cibiyoyin bincike da horarwa, kuma a cibiyar Zariya aka girka injin nukiliya na bincike na farko a ƙasar, ƙarami mai ƙarfin kimanin kilowat 30, ƙirar Sin, da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Ya fara aiki ranar 3 ga Fabrairu, 2004, a 2018 kuma aka sauya makamashinsa zuwa yuraniyam mai ƙarancin tacewa, aka mayar da tsohon zuwa Sin. Babban aikinsa ƙidayar haske ce: a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a ciki, nutiron su ratsa shi, a fito da shi a ajiye gaban dunƙulen jamaniyam da aka sanyaya da ruwan naitirojin zuwa kusan digiri 196 ƙasa da sifili. Kowane sinadari yana fitar da hasken gamma mai kuzari irin nasa, don haka ƙidayar tana faɗin abin da ke cikin samfurin da yawansa.

A daidai wannan zamani, tsakanin 2003 da 2010, hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa ta sa kamfanin Fugro ya auna mafi yawan faɗin Nijeriya daga sama, har da kwarin Sakkwato da Rima. Ƙananan jirage suka riƙa kai da komowa a tsayin kimanin mita 80, a kan layukan da ke da tazarar mita 500, ɗauke da na'urar maganaɗisu da kuma irin dunƙulen gishirin nan na Hofstadter da kwalabensa, suna ƙirga hasken gamma da fotashiyam da yuraniyam da toriyam ke fitarwa daga ƙasa. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga masana duwatsu. Sun daɗe da raɗa wa wani shimfiɗin dutse sunan Wurno, wani kuma sunan Taloka da ke kusa da Goronyo, dukansu abin da ruwa ya ajiye ne kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, a kudu kuma ga dutsen fosfat na Dange, irin wanda kan zo da ɗan yuraniyam. Ƙasar da manomin albasa da tafarnuwa na Wurno ke nomawa, da wadda ruwan madatsar Goronyo ke shayarwa, ta shiga taswira ta wannan hanya.

Amma inda na'urar ƙirga haske ta fi taɓa rayuwar talaka shi ne Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara na farfaɗiya suna suma, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma, wadda ta fito daga dutsen zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Fiye da yara 400 suka rasu. Sanin cutar bai isa ba, sai an san wace tsakar gida ce ta gurɓace, wace ce ba ta gurɓace ba. Masu aikin tsaftacewa suka shiga Dareta da Yargalma da Abare da sauran ƙauyuka da wata na'urar hannu mai harba hasken eksire cikin ƙasa, ɗan faifan silikon da ke cikinta ya ƙirga ƙwayoyin hasken da dalma ke maidowa, ya ba da amsa cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka. A wasu wurare an sami fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na lokacin ga filin wasan yara kashi 400 ne. Da wannan awo aka kankare ƙasa mai guba aka zuba sabuwa, gida bayan gida, har aka kai ga Bagega a 2013, kuma sai bayan tsaftacewa ne maganin fitar da dalma daga jini ya yi amfani, domin yaron da aka warkar ya koma cikin guba sake kamuwa zai yi.

Duk wanda ya bi wannan jeri zai ga abu ɗaya a fili. Na'urar da aka ƙera domin tambayar zarra da taurari ta zo ƙasarmu ta auna duwatsunmu, ta tantance hatsinmu, ta taimaka wajen ceton 'ya'yanmu, amma jamaniyam na Zariya da gishirin da ke cikin jirgi da silikon da aka kai Bagega duk daga waje aka sayo su. Hamamatsu ƙaramin kamfani ne lokacin da aka kafa shi a 1953, a ƙasar da yaƙi ya daidaita, kuma abin da ya ɗaga shi malamai ne masu tambaya da masu sana'ar hannu masu haƙuri. Ƙofa kuma ba a rufe take ba, domin tun 2010 ake gudanar da makarantar fiziks ta Afirka, wadda Ketevi Assamagan ɗan Togo yake cikin waɗanda suka assasa ta, ta zauna a Stellenbosch da Kumasi da Dakar da Kigali da Windhoek, tana koyar da ɗalibai har da aikin na'urorin ƙirga haske. Wanda zai shiga irin wannan aji sai ya taɓa waya da batir da madubi da hannunsa tun yana sakandare. Saboda haka kira yana kan gwamnatin Jihar Sakkwato, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da masu hali na Wurno da Rabah da Goronyo: a gina ɗakunan gwaji a makarantun waɗannan garuruwa, a ba su wuta da kayan aiki da malaman fiziks, a kuma ɗauki nauyin ɗaliban da suka nuna hazaƙa har su kai inda ake ƙera waɗannan na'urori su koyo.